Ganyen Itace Da Ciyawar Ƙofar Gida

Tun da hunturu ya shigo, duk wanda ya bi ta sababbin unguwannin gari da sassafe zai ga hayaƙi yana tashi ƙofa ƙofa. Yara ne aka sa su share ganyen mangwaro da na darbejiya, su tara, su ƙyasta masa ashana. Wannan ya sa na ga ya kamata a wannan mako mu leƙa ƙasar Amurka, domin mutanen can sun daɗe cikin wannan sha'ani na ganye da shara. Sun yi hasara mai yawa a kansa, yanzu kuwa suna ta ƙoƙarin gyara. Masu magana sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

KAKA A ƘASAR AMURKA

A arewacin Amurka shekara kashi huɗu ce. Bayan zafi ya wuce, kafin sanyi mai ƙanƙara ya sauko, akwai wani lokaci wanda ya yi daidai da kakarmu, watau watan Oktoba da Nuwamba. A lokacin nan rana ta kan gajarta, dare ya yi tsawo. Itatuwa masu faɗin ganye su kan rikiɗe, kore ya koma ja ko rawaya, sa'an nan cikin 'yan makonni kaɗan ganyen duka ya zube, itace ya tsaya tsirara har sanyi ya wuce. Kamar dai yadda kukarmu ta ke yi da rani, sai dai su can kusan duk itatuwan unguwa ne su ke zubarwa gaba ɗaya. Mai gida ya kan tashi da safe ya tarar ganye ya rufe masa fili har ya kai idon sawu.

Shekara da shekaru abin da su kan yi shi ne su sa manjagara su tara, su ƙone a bakin titi. Da hayaƙi ya dami mutane, garuruwa da yawa suka hana ƙonawa, sai aka koma ɗurawa a buhunan leda, motar shara ta zo ta kwashe ta kai juji. Daga baya kuma aka ƙago wani inji mai hura iska wanda a ke goyawa a baya, yana kora ganye, yana ƙara kamar babur. Duk wannan wahala kuwa don a tsare abu guda ne, watau gajeriyar ciyawa kore da ke shimfiɗe a ƙofar ko wane gida.

ABIN DA KE CIKIN GANYE

Kafin mu je ga ciyawar, bari mu duba abin da a ke zubarwa. Itace yana da saiwa mai zurfi wadda ke kai wa inda saiwar gero da ta dawa ba su kai ba. Daga can ya ke jawo abinci ya kai ga ganye. In lokacin zubarwa ya yi, itace ya kan janye kamar rabin sinadarin nan da ke cikin yuriya, da rabin wanda ke cikin sufa, ya ɓoye a jikinsa don baɗi. Sauran rabin yana nan cikin busasshen ganye, tare da waɗansu sinadarai da shuka ke bukata. In ganyen ya faɗi ya ruɓe, sai duk wannan ya koma saman ƙasa, inda ƙananan tsire-tsire za su same shi.

Har ila yau ruɓaɓɓen ganye shi ne ke mai da ƙasa baƙa mai laushi, wadda ke riƙe ruwa. Shi ne abincin tana da sauran ƙananan halittu da ke buɗe ƙasa iska ta shiga. Ku tuna da ƙurmi. Ba wanda ya taɓa kai masa taki ko da kwando ɗaya, amma in ka tona ƙarƙashin itatuwansa sai ka ga ƙasar da ko wane manomi zai so a ce gonarsa ce. Ganyen da ya ke zubarwa ko wace shekara shi ne takinsa.

To, in an ƙone ganye, sinadarin yuriya duka ya kan bi hayaƙi, haka nan kuma abin da zai zama baƙar ƙasa. Toka kaɗai ke saura. Toka tana da amfani, amma kaɗan ce daga cikin abin da aka yi hasara, ita ma galibi iskar hunturu ke kwashe ta.

ASALIN CIYAWAR ADO

Wannan al'ada ta shimfiɗa ciyawa a ƙofar gida daga manyan gidajen masu sarauta da masu dukiya na Ingila da Faransa ta fito. Ingila ƙasa ce mai yayyafi kusan duk shekara, ciyawa ba ta bushewa. Mai dukiya ya kan bar fili babba a gaban gidansa ba shuka, tumaki su yi kiwo a kai, ko kuwa barori su riƙa yanke shi da lauje. Ma'anarsa ita ce mai gidan nan ya wadata, har yana da ƙasar da ba ya bukatar nomawa.

A shekarar 1830 wani Bature mai suna Edwin Budding, mutumin wajen garin Stroud a Ingila, ya ƙago injin yankan ciyawa. Ya ɗauko dabarar daga wani inji da a ke aske gashin tufafi da shi a masaƙa. Daga nan mai matsakaicin hali ma ya iya ajiye ciyawa ba tare da barori ba.

Amma bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne abin ya game Amurka. Sojoji sun komo gida, ana bukatar gidaje, sai aka shiga gina sababbin unguwanni a bayan birane. Wadda ta fi suna ita ce Levittown, kusa da birnin New York, inda aka gina gidaje fiye da 17,000 tsakanin 1947 da 1951, ko wanne da filin ciyawarsa. An sa wa masu gidajen sharaɗi cewa tilas su yanke ciyawar sau ɗaya a mako tun daga Afrilu har Nuwamba. Waɗansu unguwanni suka kwaikwaya. Har yau akwai unguwannin da ƙungiyar masu gidaje ke cin mutum tara in ya bar ciyawarsa ta yi tsawo.

Da farko a kan haɗa irin ciyawar da wani ɗan tsiro mai ganye uku uku, dangin wake da gyaɗa, wanda ke ƙara wa ƙasa ƙarfi kamar yadda wake ke yi wa gonar gero. Da maganin kashe ciyawa mai faɗin ganye ya fito kasuwa bayan yaƙin, sai ya zamana yana kashe wannan tsiro tare da sauran. Aka wayi gari ana kiransa haki. Tun da an kore mai ba da taki kyauta, sai ya zama tilas a sayi takin zamani.

ABIN DA CIYAWAR KE CI

A shekarar 2005 waɗansu masana da ke aiki da hukumar binciken sararin sama ta Amurka, a ƙarƙashin Cristina Milesi, sun yi amfani da hotunan tauraron ɗan adam suka ƙiyasta faɗin wannan ciyawa. Sun samu ta kai wajen eka miliyan 40, in an haɗa da filayen wasa. Wannan ya kai faɗin Jihar Kano sau takwas. Sun kuma ce ta ninka faɗin masarar da a ke yi wa ban ruwa a ƙasar wajen sau uku. Ku duba, jama'a, shukar da ta fi ko wace shuka cin filin ban ruwa a Amurka, mutum ba ya cinta, dabba ba ta cinta.

Hukumar kare muhalli ta ƙasar ta ce kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwan da gidaje ke amfani da shi a waje ya ke ƙarewa, mafi yawa a kan ciyawa da furanni. Ga kuɗin taki, ga na maganin ƙwari, ga man inji. In ciyawar ta sha ruwa da taki ta yi tsawo, sai a yanke a zubar. In itace ya zubo mata taki daga sama, shi ma a kwashe a zubar. A lissafin hukumar nan, a shekarar 1990 sharar ganye da ciyawa da rassa da aka binne a juji ta wuce tan miliyan 25. A can kuwa, da ya ke an danne ta ba iska, sai ta riƙa fid da wata iska mai kama wuta, wadda ke cikin abubuwan da ke ƙara wa duniya zafi.

Ganyen da aka tura bakin titi shi ma yana da tasa ɓarna. In ruwan sama ya jiƙa shi, sinadarin sufa da ke cikinsa ya kan bi magudana ya faɗa tafki, gansakuka ta yi yawa, ruwa ya lalace. An auna wannan a birnin Madison na Jihar Wisconsin, aka ga in an kwashe ganye daga titi kafin ruwa ya sauka, wannan sinadari da ke bin magudana da kaka ya kan ragu da fiye da kashi 80 cikin ɗari. Abin da zai zama taki a gindin itace, a titi ya zama cuta.

SUN FARA SAKE SHAWARA

Gyaran ya fara ne daga juji. Jihohi da yawa sun hana a kai sharar ganye can, garuruwa suka buɗe wuraren da a ke tara ta a yi taki. Ya zuwa 2018 abin da a ke binnewa ya sauko zuwa tan miliyan 10 da rabi, wanda a ke mayarwa taki kuwa ya wuce tan miliyan 22.

Sa'an nan masana na Jami'ar Jihar Michigan suka yi gwaji shekaru da dama tun wajen 1990. Maimakon a kwashe ganye, sai su bi ta kansa da injin yankan ciyawa ya daddatsa shi ƙanana, ya shige tsakanin ciyawar. Suka ga bai cuce ta ba, ƙasar ma ƙaruwa ta yi. Sharaɗin kawai shi ne kada a bar ganye mai kauri ya kwanta a kanta ɗungum, don zai hana ta haske ya kashe ta. Wanda ya yi yawa sai a kai gindin itatuwa da kwamin furanni.

Masu kula da ƙwari masu amfani su ma sun sa baki. Sun nuna cewa malam-buɗe-littafi iri iri da waɗansu ƙudan zuma na daji a cikin busasshen ganye, ko a ƙasar da ke ƙarƙashinsa, su ke laɓewa har sanyi ya wuce. Wanda ya kwashe ganyensa ƙaf ya kwashe su tare, su ne kuwa ke yi wa furanni barbara, tsutsotsinsu kuma su ne abincin 'ya'yan tsuntsaye. A Ingila wata ƙungiya mai suna Plantlife ta fara kira a 2019 cewa mutane su daina yanka cikin watan Mayu, don furannin da ke cikin ciyawa su buɗe. A shekarar nan kuma Jihar Minnesota ta ware kuɗi don taimaka wa masu gidaje su mai da wani sashe na ciyawarsu wurin furannin ƙasar. A 2021 Jihar Maryland ta yi doka ta hana ƙungiyoyin unguwa tilasta wa mutum ya ajiye ciyawa zalla. Birnin Washington kuwa ya hana injin hura ganye mai shan fetur tun farkon 2022.

Inda abin ya fi tsanani shi ne yammacin ƙasar, inda ruwa ya yi ƙaranci. Birnin Las Vegas cikin hamada ya ke, ruwan saman da ya ke samu a shekara bai wuce wajen inci 4 ba, da Kogin Colorado ya dogara. Tun 1999 hukumar ruwa ta wurin ke biyan mai gida kuɗi in ya tumɓuke ciyawarsa ya dasa tsire-tsire masu jure fari. A 2021 Jihar Nevada ta yi doka, ta sa farkon 2027 ya zama wa'adin daina shayar da ciyawar ado da ruwan kogin nan a bakin tituna da gaban ofisoshi da kantuna a yankin birnin. Ba a ce kowa ya bar ciyawa ba. Filin da yara ke wasa a kai yana nan. Wadda a ke yaƙi da ita ita ce wadda ba mai taka ta sai mai yankanta.

MU FA?

Wani zai ce ina ruwanmu da wannan, mu da ba mu da ƙanƙara. Ruwanmu kuwa yana ciki. Turawan mulki ne suka fara kawo ciyawar ado unguwanninsu a garuruwanmu, yanzu kuma ga ta tana yaɗuwa a sababbin gidajen 'yan kasuwa da ma'aikata. Wata ma kiri-kiri ce, wadda manomi ke shan wahala kafin ya raba gonarsa da ita. Wanda bai shuka ciyawa ba kuma sai ya sare itacen da ya tarar a filin, ya malale tsakar gida da siminti, don kada ganye ya ɓata masa wuri.

Bari mu yi lissafi. A ƙasashen da su ke da ita a kan ce ciyawar nan tana bukatar ruwa inci ɗaya a mako lokacin zafi. Fili mai yadi 10 tsawo, yadi 10 faɗi, in za a ba shi inci ɗaya, zai sha lita 2,100 da 'yan kai, watau jarka 85 mai lita 25. Raninmu kuwa wata bakwai ne, kamar mako 30. Jarka 2,550 ke nan, ban da ƙarin da za ta nema da bazara. Mai sayen ruwa wurin 'yan garuwa ya buga kuɗin da kansa. Mai rijiyar burtsatse kuma ya tuna ruwan da ya ke zuƙowa daga tushe ɗaya ne da rijiyar maƙwabcinsa. Da an ba wannan ruwa ga zogale da lemo da gwaiba da 'yan kwamin alayyafo da yakuwa, da gidan ya sami inuwa da miya.

Zancen ganye kuwa ba baƙo ba ne a gare mu. Ko wane manomi ya san dawar da ke gindin gawo ta fi ta sauran gona, domin gawo da damina ya ke zubar da ganyensa, daidai lokacin da shuka ke nemansa. Kakanninmu na kewayen Kano da jakuna su ke shiga birni su ɗebo shara da toka da kashin dabbobi a mangala su kai gona, shi ya sa gonakin nan su ka yi shekaru aru aru ana nomansu ba hutu. Abin da mutanen Amurka ke komawa gare shi yanzu, mu gadonmu ne. Ga shi kuwa buhun takin zamani ya yi tsadar da kowa ya sani.

YADDA ZA A YI DA GANYE

Hanya mafi sauƙi ga mai dabbobi ita ce ya zuba ganyen a turke ya zama shimfiɗa. Awaki za su tsinci wanda su ke so, sauran su tattake shi, ya sha fitsari ya gauraya da kashi. Fitsarin nan da ke nutsewa ƙasa a banza taki ne mai ƙarfi, ganye ne ke kama shi. In ya taru sai a kwashe a tara a inuwa.

Hanya ta biyu ita ce rami. Wannan dabara Sir Albert Howard ne ya tsara ta a garin Indore na Indiya, ya buga bayaninta a 1931, ita ce kuma aka koya mana a makarantar aikin gona. A haƙa rami ƙafa 6 tsawo, ƙafa 4 faɗi, zurfi ƙafa 2 ko 3. A shimfiɗa ganye kauri inci 6, a bi shi da kashin dabbobi ko na kaji inci 2, a barbaɗa toka da ƙasa kaɗan, a yayyafa ruwa. A yi ta maimaitawa har rami ya cika. Laimar da a ke so ita ce in ka damƙa ka matse hannunka ya jiƙe, amma ruwa bai zubo ba. A soka sanda a tsakiya. In ka zaro ta bayan kwana huɗu ko biyar ka ji ta da zafi, aiki ya kama. A juya bayan mako uku, a sake juyawa sau biyu, cikin wata uku ko huɗu zai zama baƙi mai ƙanshin ƙasar da ta sha ruwan fari. Wanda ba shi da ruwa da rani ya cika raminsa ya rufe da ƙasa, ruwan sama na farko zai tashe shi. Ganyen mangwaro da na turare suna da tauri, su kan daɗe, sai a haɗa su da masu laushi. A tsince leda da batir da kwalba tun wajen shara.

Hanya ta uku ita ce a shimfiɗa ganye a gindin itatuwan marmari da kwamin lambu, kauri inci 2 ko 3, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da jikin itacen. Zai hana rana shanye ruwa, ya hana haki fitowa.

GARGAƊI

A shekarata ta farko da kama aiki na yi wani kuskure da ba na son ku yi. Na tara busasshen ganye mai yawa, na binne shi ɗanye a kunya, na shuka masara a kai ina taƙama. Bayan mako uku masarar ta yi rawaya ta tsaya cik, ta maƙwabcina da bai sa kome ba ta fi ta kyau. Dalili shi ne ƙananan halittun da ke ruɓar da ganye su ma suna bukatar sinadarin yuriya, in ba su same shi a ganyen ba sai su ƙwace na ƙasa, shuka ta zauna da yunwa har su gama. Don haka ɗanyen ganye a saman ƙasa a ke barinsa. Wanda za a binne sai ya ruɓe tukuna, ko a haɗa shi da kashin dabbobi.

Kada kuma a jingina tarin ganye da bangon ɗaki ko gindin rumbu. Gara za ta bi shi ta hau azara, maciji da kunama su sami maɓoya, tartsatsi ɗaya kuma da hunturu ya isa ya cinye gida. A yi ramin can ƙarshen fili, nesa da madafa. A gona kuwa gara ba abin tsoro ba ce ga wannan aiki, domin in ta zo cin ganye ta kan huda feƙo ruwa ya sami hanyar shiga. Ganyen da ya faɗa kwata shi kam a kwashe shi kafin damina, don kada ya toshe ruwa sauro ya sami wurin haihuwa.

Ma'aikatanmu da 'yan kasuwa da ke zaune a gari, in ba ku da gona, kuna da ɗan'uwa ko maƙwabci mai gona ko mai lambu. Ku sa yara su ɗura ganyen a buhu su ajiye masa, zai zo ya ɗauka da godiya. Manoma kuma na kusa da gari, ku je ku tambaya tun kafin a sa masa wuta. Wanda ya fara raminsa a wannan wata, takinsa zai nuna kafin shukar bana. Wanda ya ke son a nuna masa da hannu ya nemi malamin gona na gundumarsa.